'Ya'yan Tsintuwa

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata a Betso ba, kuma tunda kun ce in rubuta muku wani abu daga shekarun da na yi a aikin dabbobi kafin in miƙa makullan ofis, ita zan rubuta. Na san wasunku sun fi son labarin bijimin da ya kora ni har cikin mayo, wato kogi, a Mambila. Wannan ku same ni a gida in ba ku shi da shayi. Na Betso ba na dariya ba ne, amma ya fi amfani gare ku.

Sa'ad da na shiga aikin nan, malamin dabbobi malamin shanu ne. An koya mana bushiya da ciwon huhu da boru da harbin daji, an koya mana yadda ake tara garke a shinge a bi su da allura ɗaya bayan ɗaya har rana ta faɗi. Kare ba ya cikin tunanin kowa. In ya yi ciwo, ko ya tashi ko ya mutu. In ya haukace, a bi shi da sanduna. Yau abin ya sake. A unguwannin Yelwa da Nassarawo a nan Mubi ma'aikata da 'yan kasuwa suna ajiye karnukan gadi, kowanne da katin allurarsa. Akwai wani Alhaji mutumin Borno da ba zai taɓa kare da hannunsa ba, amma in karen shagonsa ya ƙi cin abinci sai ya buga mini waya sau uku kafin azahar. Na yi aiki a Mambila da Filato, na yi na haɗin gwiwa a Marwa da Garwa, na leƙa har Injamena, kuma ko'ina abu ɗaya na tarar: jama'a sun riga mu gane darajar kare, mu ma'aikata muna baya da tunanin shanu a ka.

Domin wanda ba na cikinmu ba, ga yadda ofishin yake. Likitan dabbobi ne a sama, shi ke da digiri, shi ke sa hannu. A ƙarƙashinsa akwai sufuritanda, wato ni, mai tsara fita da kula da kayan aiki. Sai masu allura biyu. A ƙauye dai dukanmu Likita ake ce mana. Likitarmu a lokacin Dakta Rifkatu ce, sa'ar 'yata ta biyu. Tana ce mini Baba, ina ce mata ranki ya daɗe.

Cututtukan kare masu yaɗuwa da muka fi gani a nan ba su da yawa. Akwai haukan kare, mai kashe karen da wanda ya ciza, kuma in alamunsa suka bayyana babu sauran magani. Rigakafinsa allura ce, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya nufi asibiti a ranar, ba a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa ba. Akwai murar karnuka, mai kawo kwantsa da majina da tari, daga baya jiki ya riƙa fizga. Akwai zazzaɓin da kaska ke kawowa, da ƙazwa, da tsutsar ciki. Sai wanda labarin nan yake kansa, zawon jini na 'yan kwikwiyo, wanda a takarda ake kira fabo. Ƙwayarsa tana fita a kashi da amai, tana zama a ƙasa wata da watanni, tana bin takalmi da hannu da kwano. Babban kare sau da yawa yakan tsallake. Ƙarami kuwa, wanda bai gama allurarsa ba, kwana uku sun ishe shi. Ku riƙe wannan: allurar hauka daban, ta zawon jini da mura daban. Ɗaya ba ta tare wa ɗaya.

A ƙarshen daminar shekarar da abin ya faru, mahaukacin kare ya ciji wata mata a wani ƙauye kusa da Betso. Ba a kai ta asibiti ba sai da ta fara gudun ruwa, ta rasu. Aka turo mana allurar hauka, da umarnin a yi wa kowane kare na yankin, har ƙanana.

Dakta ta ce, "Baba, mu rabu gida biyu, a bi su gida-gida. Kwana uku mun gama."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙanƙarar kular da muke sanyaya allura a ciki yini ɗaya take yi, wuta kuwa kin san halinta. A tara su wuri ɗaya mu gama kafin la'asar. Haka muke yi tun ba a haife ki ba."

Ta yi dariya. "Shanu kuke yi wa haka. Kare ba saniya ba ne."

"Allura dai allura ce."

Tana da taro a Yola a wannan makon, kuma tana ganin girman furfurata, sai ta bar mini. Ta ce, "Amma ƙananan a bar su a gida, ku bi su can daga baya." Na ce to. Na faɗa ne kawai don a rufe maganar.

Ranar Litinin na hau babur zuwa Betso don in ga filin. Jauro, wato mai garin, ya riga ya sa an yi sanarwa a coci da masallaci. Ya ce mini kowa ya yarda sai Baba Zira, kuma in shi bai sauko ba, mutanen kan tudu ba za su sauko ba. Gidansa tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙafa, don babur ba ya hawa. A hanya jauro ya ba ni labarinsa.

Baba Zira manomi ne, ya haura saba'in, asalinsa daga duwatsun Michika. Matarsa Mama Kuve. Ɗansu na fari sunansa Tizhe. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka watse daga Mubi da kewayenta, kowa ya kama hanyar dutse ko ta Kamaru, sun gudu tare har sun yi nisa. Sai Tizhe ya tuna ya bar karyarsa ɗaure a gindin rumbu. Ya ce zai koma ya sake ta, su ci gaba zai cim musu. Bayan kwana goma sha wani abu karyar ta iske su a inda suka fake, da guntun igiya a wuyanta. Igiyar ba cizo ne ya tsinke ta ba, yankan wuƙa ne. Da haka suka san ya isa gida. Abin da ya biyo baya ba su sani ba har yau.

Sunan karyar Tsintuwa, don a bakin mayo Tizhe ya tsince ta tana jaririya. Ranar da na gan ta bakinta ya yi furfura, tana tashi da ƙyar. 'Ya'yanta na baya duk an rabar, ba a san inda ko ɗaya yake ba, kuma ta yi shekara biyu ba ta haihu ba har an fid da rai. Sai ga huɗu, mako bakwai da haihuwa, suna kokawa a kan wani tsohon buhu. Uku maza, ɗaya mace mai farin ƙirji kamar uwar. Ita ce Baba Zira ya ware wa kansa.

Da Hausa muka fara.

Baba Zira ya ce, "Likita, uwar zan kawo. 'Ya'yan ba za su fita ba."

"Don me, Baba?"

"A gidanmu kwikwiyo ba ya ƙetare ƙofa, baƙo ba ya ɗaukarsa, sai ya zubar da haƙoran nono. Haka ubana ya yi, haka nasa uban."

"In ya ƙetare fa, me zai faru?"

"Ban sani ba. Ban taɓa gwadawa ba."

Mama Kuve tana ɓarar gyaɗa a gefe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Shi kansa sai ya wanke hannu yake taɓa su. Ni da na haifa masa 'ya'ya shida bai taɓa wanke mini hannu ba."

"Ke ai da haƙoranki kika zo," in ji shi. Duk muka yi dariya, har jauro.

Sa'an nan Baba Zira ya ce, "In dole ne, ka hau gobe ka yi musu a nan."

Wannan ita ce maganar da ta dace, kuma ita ce Dakta ta faɗa. Amma na tuna hanyar da muka hau, na tuna gwiwata, na tuna ƙanƙara. Na kuma yi tunanin in aka ga Baba Zira ya sauko da duk abin da yake da shi, babu wanda zai ɓoye nasa. Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Kakata ta wajen uwa 'yar Kamwe ce, ƙabilar su Baba Zira, a hannunta na girma har na kai shekara goma. Ina jin Fulatanci da Hausa da Turanci da Faransanci, na daɗe ina alfahari da cewa babu ƙofar da harshe bai buɗe mini ba. Na juya zuwa yaren Kamwe, na kira shi kawu. Na ba shi labarin matar da ta rasu tana gudun ruwa. Na ce masa na je Marwa na je Garwa, ko'ina haka ake yi. Wannan ba gaskiya ba ce duka. A Garwa da idona na ga ma'aikata suna bin gidaje da kekuna, kula a ɗaure a baya.

Ya tambayi garin kakata, na faɗa. Ya tambayi gidansu, na faɗa. Ya ce, "Ashe kai namu ne. Tunda ɗan 'yar'uwata ya ce a kawo, zan kawo."

Talata tun da safe filin gindin tsamiya ya cika. Haushi, faɗa, igiyoyi suna sarƙewa, mata suna ja, maza suna tsawa. Muka kafa tebur, muka fara. Wajen hantsi wani mutum ya zo da kwali, a ciki kwikwiyon da ya sayo a kasuwar Mubi kwana huɗu da suka wuce. Yana kwance ba ya ko ɗaga kai. Ina ɗaga shi ya saki zawo ja-ja a ƙasa, dab da ƙafar tebur. Warin nan ba ya kama da na komai, kuma wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Ni na taɓa jinsa, a wani kwas da na yi a Filato.

Yakubu, ɗaya daga cikin masu allura, ya dube ni. "Oga, wannan fa..."

Na ce, "Tsutsa ce. Ci gaba, layi yana jira."

Na ba mutumin maganin tsutsa na sallame shi. Na sa takalmina na tura ƙasa a kan zawon. Safar hannu ba mu da ita da yawa, ban sauya ba. Saniya in ta yi kashi a shinge, wa yake tsayawa?

Ba a jima ba Baba Zira ya iso, Mama Kuve da kwando a ka, Tsintuwa tana bin su a hankali, mutanen kan tudu a bayansu da nasu karnukan. Aka sauke kwandon. 'Yan kwikwiyon ba su taɓa ganin waje ba, suka tsallako suna shanshana ƙasa a gindin tebur. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na buɗe bakin kowanne da yatsa na duba dasashi kamar yadda aka koya mana, na yi masa allura. Da na ɗaga macen, Baba Zira ya ce wa na kusa da shi, "Ɗan 'yar'uwata ne. Hannunsa ba na baƙo ba ne."

Muka gama kafin la'asar. Da na buɗe kula a ofis, akwai sauran ƙanƙara. Da ta isa in hau tudun in sauko.

Litinin da ta biyo baya, ina zaune a ofis, sai ga Mama Kuve ta sauka daga kan babur. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Likita, kawunka ya ce ka zo. Biyu ba su ci komai ba tun jiya, ɗaya sai amai."

Na kwashi ruwan ƙari da allurai muka tafi. Tun daga ƙofar gida warin ya gaya mini abin da na riga na sani. Wannan ciwo babu maganin da ke kashe ƙwayarsa. Abin da muke iyawa shi ne mu mayar wa jiki ruwan da yake zubarwa, mu tsayar da amai, mu tare wasu cututtukan da ke shigowa ta hanjin da ya ƙuje, mu jira. Na raba su, na yi abin da zan iya. Na farko ya mutu kafin in sauko. Na biyu washegari. Na uku ranar Laraba.

Macen ce ta kamu a ƙarshe. Na roƙi Baba Zira ya bar ni in kai ta Mubi, inda za a iya sa mata ruwa ta jijiya yadda ya kamata. Ya ce, "Ta riga ta fita sau ɗaya. Ɗauke ta."

Dakta da kanta ta nemo jijiyar, siririya kamar zare. Ranar Alhamis 'yar ta ɗaga kai ta lashi ruwa, har ta kaɗa wutsiya. Na yi gaggawar aika wa jauro cewa a gaya wa Baba Zira an samu sauƙi. Juma'a da hantsi ta mutu. A cikin abubuwan da na yi a wannan makon, saƙon nan yana cikin waɗanda suka fi ci mini rai.

A lokacin labari ya fara zuwa daga wasu gidajen Betso, duk na waɗanda suka kawo ƙanana filin. Dakta ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa.

"Baba, ƙananan sun zo filin?"

"Sun zo. Ni na sa aka kawo su." Na gaya mata zancen kwalin, da safar hannu, da abin da Yakubu ya fara faɗa na katse shi.

Ta ce, "Kai za ka rubuta rahoton ko ni?"

"Ni zan rubuta."

"Ka rubuta shi yadda ka faɗa mini."

Haka na yi. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

Asabar na naɗe 'yar a leda na hau tudun. Baba Zira yana zaune a kan dutse a ƙofar gida, ya ga abin da ke hannuna tun daga nesa. Tsintuwa ta taso ta shanshana ledar, ta kwanta kusa da ita. Da kansa ya haƙa ramin, mai zurfi kamar yadda na ce, a gindin rumbu inda ya binne ukun. Bai bar ni na kama fartanyar ba.

Da ya gama na faɗa masa komai. Wannan karon da Hausa na yi magana, don na ji ban cancanci ɗaya harshen ba. Shi kuwa da Kamwe ya amsa.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Kai ka san sunan ciwon. Ni ban sani ba. Ni ƙofa kawai na sani, kuma ni na buɗe ta."

"Ni na sa ka."

"Ka sa ni." Ya goge hannunsa a wando. "Tizhe ma da ya ce zai koma, ni ya tambaya. Na ce masa to. Sau biyu ke nan ina cewa to."

Mama Kuve ta tashi ta shiga ɗaki. Bayan wani lokaci ta fito da ruwa a ƙwarya ta ajiye a gabana, don baƙo baƙo ne. Na sha. Na ce musu su ƙona kwandon da buhun, su wanke kwanoni da bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayar cuta, kuma kada a kawo sabon kwikwiyo gidan sai an shekara, don ƙwayar tana nan a ƙasa. Ya ce, "Kada wannan ya dame ka, ɗan 'yar'uwata."

Tsintuwa ta mutu a bazarar da ta biyo, tsufa ne kawai. Da shekara ta cika na samo wata 'yar kwikwiyo a Nassarawo, wata biyar, allurarta cikakkiya, na hau da ita. Ya karɓe ta, ya duba ƙafafunta da haƙoranta, ya yaba. Sa'an nan ya mayar mini da ita. Ya ce, "Kyakkyawa ce. Ka kai wa mai neman kare." A daminar birai suka cinye masarar gonarsa ta gefen dutse, don babu mai korarsu. Bai sake noma ta ba.

Bayan an natsu na buɗe littafi na ƙirga. Allurar zawon jini da mura ana fara ta kwikwiyo yana mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu, ta ƙarshe wajen wata huɗu. Kafin nan ba a fita da shi, ba a haɗa shi da baƙin karnuka, ba a barin kowa ya riƙa ɗaukarsa. Haƙoran nono kuwa wajen wata huɗu suke zuba. Abin da uban Baba Zira ya bar masa da abin da ke cikin littafina abu ɗaya ne, kuma ni da na karanta littafin ni na karya shi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce allurar hauka ce ta yi ɓarna. Ita daidai take, da za a sake kira gobe zan je. Ɓarnar a filin take, da hannuna. In kuka ga zawo ko amai a wurin aiki, ku tsaya, ku ware mara lafiyan, ku sauya safa, ku wanke takalmi da bilic, ku kau da tebur, ko da ƙanƙara za ta narke. In na ƙasa da ku ya fara magana, ku bari ya ƙarasa. In kuma mutumin ƙauye ya ce muku a gidansu ba a yin kaza, ku tambaye shi tun yaushe kafin ku yi dariya. Waɗanda suke jin yare da yawa a cikinku, ku sani mutum yana yarda da ku ne saboda harshen uwarsa da ya ji a bakinku, ba don ya auna maganarku ba.

Tun daga wannan shekarar ofishinmu bai sake tara 'yan kwikwiyo a fili ba. Manya su zo gindin itace, ƙanana mu bi su gida, komai nisan tudu. Gidan Baba Zira kuwa babu kare a cikinsa har yau.